Tambaya da Amsa: Kayan Aikin Canza Fad ɗin Birkin Gaba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye da ke karkarar Babura a Jihar Jigawa, kuma ina da tsohuwar mota ƙirar Toyota Corolla. Kwana biyun nan, duk lokacin da na taka birki sai na ji ƙarar ƙarfe daga ƙafafun gaba. Bakanike yana da nisa da mu, shi ya sa nake son in san kayan aikin da zan tanada domin in canza fad ɗin da kaina, wato abin da ke matse faifan birki har mota ta tsaya.

Amsa: Wa'alaikumussalam, Malam. Ƙarar da kake ji, a mafi yawan lokuta, ta wani ɗan siririn ƙarfe ce da aka maƙala wa fad ɗin domin ya riƙa gogar faifan birki idan fad ɗin ya cinye. Sabon fad yana da kaurin milimita 10 zuwa 12, kuma idan ya ragu zuwa 3 lokacin canji ya yi.

Kayan ba su da yawa. Kana buƙatar jak, da sifanar taya mai lamba 21, wadda ita ce daidai da notocin Corolla, da soket ko sifana mai lamba 14 domin kusoshin kalifa, wato gidan da ke riƙe da fad ɗin. Ka haɗa da sukudireba mai faɗin baki, da burushin waya, da giris na birki, da guntun waya mai ƙarfi. Duk ana samun su a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano.

Abin da na fi damuwa da shi, tun da na san irin ƙasar yankinku, shi ne wurin da za ka ɗaga motar. Ƙasar Babura rairayi ce, kuma jak yana nutsewa a cikin rairayi sannu a hankali, ba tare da mutum ya lura ba, har motar ta karkace ta zame. Ka nemi daɓen siminti, idan kuma babu, ka shimfiɗa katako mai kauri da faɗi a ƙarƙashin jak ɗin. Aikin jak ɗagawa ne kawai, saboda haka bayan ka ɗaga sai ka ɗora motar a kan maɗaurin ƙarfe da kanikawa ke kira sitan. Ina roƙonka kada ka yi amfani da bulo, ko na siminti ko na ƙasa, domin yana iya farfashewa farat ɗaya alhali hannunka yana ciki. Ka ja birkin hannu, ka tokare ƙafafun baya da dutse, sannan ka tura tayar da ka cire ƙarƙashin motar. Notocin kuwa, a sassauta su tun motar tana ƙasa.

Idan ka kwance kalifa, ka rataye shi da wayar nan a jikin sifirin, kada ka bar shi yana reto a kan tiyon man birki, domin tiyon yana iya tsagewa ta ciki.

Sai batun fistin, wato ƙarfen da ke cikin kalifa mai tura fad ɗin, wanda za ka mayar ciki domin sabon fad ya sami wuri. Na ga masu danna shi da sukudireba har su yaga robar da ke kare shi daga ƙura. Ƙarfen matsi mai siffar harafin C, irin na kafintoci, ya fi dacewa: ka ɗora tsohon fad a kan fistin, ka riƙa murzawa a hankali. Ka buɗe murfin tankin man birki kana dubawa, domin man yakan taso, kuma yana cin fentin mota. Idan ƙari ake buƙata, ka zuba irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4.

Giris na sandunan da kalifa ke zamewa a kansu ne, kada ya taɓa fuskar fad ko faifai. Ka canza ɓangaren dama da na hagu a rana ɗaya, in ba haka ba motar za ta riƙa ja gefe. Idan ka tarar da faifan ya yi zurfafan layuka, wannan aikin bakanike ne.

Bayan ka sauke motar ka ɗaure notoci, ka tattaka birki sau da yawa tana tsaye har ka ji ya yi tauri, domin takun farko yakan tafi ƙasa babu kamu. Daga nan ka gwada shi a hankali a fili, inda babu yara ko dabbobi, kafin ka hau titi.