Ku Tambayi Tanti: fure a tsakar gida, daga damina har bazara

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni da yawa a kan fure suka zo, kuma kukan kusan ɗaya ne, na saya na dasa ya mutu. Toh na tsinto guda biyar da nake ganin za su amfani kowa, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Tanti ina wuni, ya gida ya yara. Ni amarya ce, mun tare a sabon gida cikin watan Afrilu, sai na je wajen masu saida fure na bakin titi na kwaso kala kala har da ibiskis da wardi na jera a tsakar gida. Wlh safe da yamma ina ba su ruwa amma ko sati uku ba a yi ba duk suka ƙone ganye ya zube. Maigida ya ce wai hannuna ne ba ya karɓar shuka. Dan Allah mi na yi ba daidai ba?
Daga wata amarya, unguwar Lazare, Yamai

AMSA: Ɗiyata Allah ya sanya alheri ya ba da zaman lafiya. Ki faɗa wa angon naki hannunki lafiyarsa lau, lokacin ne bai yi ba. Afrilu da Mayu a Yamai zafi na wuce digiri 40 kusan kullum, wata rana har ya taɓa 45, ga simintin tsakar gida na gasa tukunya ta ƙasa ga bango na maido nashi zafin, su kuma furannin nan da kika saya a inuwa suka tashi, ƙarƙashin dogon yaro ko rumfa, cikin 'yar baƙar leda ana yayyafa musu ruwa a kai a kai, rana ɗaya aka ɗauko su aka dire a tsakiyar rana. Ruwan da kike ba su bai iya ceto su ba don saiwar ta riga ta dahu.

Mu a nan shekara kashi huɗu ce kuma kowane kashi da aikinsa, in kika riƙe wannan kin gama rabin wahala.

Damina ita ce lokacin dashen masu itace, wato bugenbil, ibiskis, lalle, yasmin, firanjifaniye. Amma kar ki yi gaggawa da ruwan farko na Yuni don yakan sauka sau ɗaya ya ɗauke a yi kwanaki ana zafi, ki bari sai ruwa ya zauna cikin Yuli. Kinga ai ba banza ba aka sa bikin dashen itace ranar 3 ga Agusta tun 1975, lokacin ƙasa ta sha ta ƙoshi, sama da lumshi, dashe na kamawa ba tare da kin sha wuya ba. Kuma lokacin ne ba sai kin kashe kuɗi ba, ki roƙi maƙwabciya ta yanko miki reshen ibiskis ko lalle tsawon taƙi ɗaya, ki zage ganyen ƙasa ki soka cikin yashi mai damshi a inuwa, cikin 'yan makonni za ki ga toho. Ziniya da kosmos ma a damina ake watsa irinsu, wata biyu ko sama kaɗan sun fara fure.

Kaka kuma, Oktoba, zafi na ɗan dawowa, ba lokacin dashe ba ne sosai. Ki tsinke furen ziniya da ya bushe ki adana irin cikin takarda, ba leda ba, ki tara takin awaki a rami ki dinga jiƙa shi ya ruɓe.

Sai ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wannan ni shi na fi so a duk shekara kuma shi mutane suka fi sakaci da shi. Duk furen nan masu laushi da ke ba ki sha'awa, petuniya, wardi, da wannan mai ruwan ɗorawa da masu pepiniye, wato masu renon dashe, ke ce wa oye-dand, a ɗari suke jin daɗinsu don dare na sauka wajen digiri 15. Ga alama mai sauƙi, in kika ga masu lambun Gamkale da na bakin kogi sun fara dashen salati da shu, toh ke ma lokacinki ya yi. Matsalar ɗari guda biyu ce, iskar hunturu mai busar da tukunya ba ki sani ba, da ƙura da ke toshe ganye, don haka sau ɗaya a sati ki wanke musu ganye da safe.

Daga Maris har ruwa ya sauka kuwa riƙon rai kawai ake yi. Ba dashe, ba takin zamani, ba aski. Ki tattara tukwanen wuri guda inda ranar safe kaɗai ke samunsu, ki ɗora su kan bulo ko katako kar su taɓa siminti, ki kafa zana ta yamma, ki rufe bakin tukunya da ƙaiƙayi ko busasshen ganye, ruwa kuma da asuba ko bayan magariba. Petuniya da oye-dand za su mutu a lokacin, kar ki damu, ƙarshen kwanansu ke nan, irinsu kawai za ki ajiye. Tukwanen da suka mutu miki yanzu ki juye ƙasar ki ajiye su, Yuli na nan tafe.

TAMBAYA: Salamu alaikum Tanti. Ni malamin lakwal ne nan Tawa. Gidan da nike ciki ƙasa tai duk tsakuwa ce, ruwan pampo kuma in rani ya yi sai shi kwana biyu bai zo ba sai mun saya ga 'yan garuwa. Amma ina son ganin ɗan kore da hure ƙofar ɗakina ko don yara su tashi da son shuka. Wane iri ne ka iya jure wanga wuri namu?
Daga wani malami, Tawa

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara basira, kuma wannan niyya taka ta yara ta yi min daɗi ƙwarai. Gaskiya Tawa ta fi Yamai wuya, mu muna samun milimita 500 zuwa 600 na ruwan sama a shekara, ku kuwa wajen 350 zuwa 400, ga iska. Amma dabarar tana ƙofar gidanku, manoman Illela da Badagishiri da tassa, wato 'yan ramukan tare ruwa, suka rayar da fako, ita za ka kawo cikin gida. Ka haƙa rami faɗi da zurfi kamar santimita 40 zuwa 50, ka tsince tsakuwar, ka cika da ƙasar jigawa haɗe da ruɓaɓɓen taki, amma kar ka cika shi fal, ka bar bakin ya ɗan faɗa ciki yadda duk ruwan da ya zuba zai tsaya a gindin shukar maimakon ya gudu.

Na biyu ka samo ƙaramin tulun ƙasa wanda ba a shafe da siminti ko fenti ba, ka binne shi kusa da shukar har wuya, ka cika da ruwa ka rufe bakin da faifai ko fasasshen kasko. Ruwan na tsatsowa a hankali ta jikin tulun kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta shanye shi, ko pampo ya ɗauke shukarka ba ta ji ba. Ruwan alwala da na wankin hatsi ko shinkafa duk ka tara a bokiti ka ba su, amma ban da mai omo ko jabel.

Iri kuwa, na farko kariya, wadda ka sani a daji, gindinta kamar tulu ne nan take ajiyar ruwanta, kuma tsakiyar rani lokacin da ta zubar da ganye take fitar da furen nan ja-ja mai haske. Ruwa kaɗan take so, yawansa ma ruɓar da ita yake. Sai lalle, ka jera shi ya zama shinge, furensa ƙanana ne amma ƙamshinsa da dare sai wanda ya ji, ga uwargida ta samu na ƙunshi. Sai bugenbil jikin bango, sai purpiye mai kwanciya ƙasa da ke buɗewa in rana ta fito, shi ko tsinke ka karya ka soka ya kama. Sai dai Malam tunda ka ambaci yara dole in ja kunnenka, ruwan jikin kariya dafi ne, da shi mutanen da ke sa wa kibiya, haka loriye mai dogon ganye da ake yawan dasawa a ma'aikatu, shi ma guba ne ga mutum da dabba. Kar yaro ya tauna, kar akuya ta ci, in ka yanke reshe ka wanke hannu.

Iska kuma ka tare ta da darni ko zana ta gabas. Abin da aka yi a kwarin Majiya ke nan tun 1975 da layukan dogon yaro, kai naka ƙarami ne kawai.

TAMBAYA: Tanti barka da aiki. Furannina cikin bokitan fenti suke, suna lafiya har aka shiga Agusta sai ganye ya fara rawaya yana zuba, alhali ruwa bai yanke musu ba. Ga Alhaji ya ce in kwashe su duka wai su ke tara mana sauro.
Daga wata Hajiya, Harobanda, Yamai

AMSA: Hajiya ruwan ne ya yi musu yawa. Agusta ta fi kowane wata ruwa, ƙasarku ta wajen kogi kuma laka ce mai riƙewa, in bokitin ba shi da huda saiwa na zaune cikin taɓo ba ta shan iska sai ta ruɓe. Ki sa a huda gindin kowanne da ƙusa mai zafi wuri biyar ko shida, ki sake haɗin ƙasa, kashi biyu yashi kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, kuma kafin ki ba da ruwa ki tura yatsa, in da damshi ki bari.

Maganar Alhaji kuwa akwai gaskiya ciki, kar ki yi musu da shi. Fure ba ya haifar sauro amma ruwan da ke kwanciya cikin faranti ƙarƙashin tukunya da tsohuwar taya da gwangwani nan sauro ke ƙwai, kuma sati ɗaya zuwa kwana 10 ya ishe shi ya tashi. Ki zubar da duk wani kwantaccen ruwa, ki rage rassan da suka yi duhu kusa da taga, a kwana cikin sange. In ya ga haka inshaAllah zai bar miki kayanki.

TAMBAYA: Tanti wasu fararen ƙwari kamar auduga sun manne wa ibiskis ɗin mamana, ga tururuwa na hawa da sauka, gara kuma ta cinye mana yasmin guda. Wani ya ce in sayo maganin feshi a kasuwa.
Daga wani ɗalibi, Talaje, Yamai

AMSA: Ɗana Allah ya yi maka albarka da kake kula da shukar mamanka. Dan Allah kar ka sayo maganin nan da ake ɗurawa a kwalba ba suna ba takarda, tsakar gida ce, nan ake girki nan yara ke rarrafe. Fararen ƙwarin tsotsar ruwan shukar suke, suna fitar da wani abu mai zaƙi shi ya sa tururuwa ke bin su. Ka fara yanke reshen da suka cika ka ƙone, sauran ka goge da tsumma da ruwan sabulun salo. Sannan ka tsinci 'ya'yan dogon yaro busassu, ka daka wajen giram 50 ga kowace lita ɗaya ta ruwa, ka jiƙa ya kwana, ka tace da ƙyalle ka sa ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye, ka fesa da yamma har ƙarƙashin ganyen, ka maimaita duk sati har sau uku ko huɗu don ba ya kashewa nan take, hana su ci da hayayyafa yake.

Gara kuma ɗanyen kashin shanu da busasshen kara ke kiranta. Taki sai wanda ya ruɓe ya yi baƙi ba wari, ciyawar da kuka rufe ƙasa da ita ku janye ta daga jikin gindin kamar faɗin tafin hannu, ka ɗan zagaya da tokar murhu.

TAMBAYA: Tanti bugenbil ɗina shekara biyu ke nan, ya yi ganye shar har ya hau katanga amma fure ko ɗaya. Kullum ina ba shi ruwa da taki.
Daga wata uwargida, Yantala, Yamai

AMSA: 'Yar'uwa gatan ne ya yi masa yawa. Bugenbil in ya samu ruwa da taki kullum ganye kawai yake yi, sai ya ɗan ji ƙishi yake fure, shi ya sa kike ganinsa ja wur a katangun unguwar Plato cikin ɗari da rani. Ki daina taki gaba ɗaya, in damina ta wuce ki rage dogayen rassan, ruwa kuma ki bari sai ƙasa ta bushe ganye ya fara langaɓewa kaɗan sannan ki ba shi ya ƙoshi. Ki duba kuma ko wata bishiya ta yi masa inuwa, don yana son rana aƙalla awa 6 a wuni, in mangwaro ko dogon yaro ya rufe shi sai an sassabe reshen da ya tare.