Tsuntsayen gaɓar teku da suka ƙi tashi: ciwo ne ko gajiya?

Tambaya: Malam, na je gaɓar teku kallon tsuntsaye masu ƙaura a watan Afrilu, sai na tarar da garke sun takure wuri guda, ko na matso ba sa tashi. Hankalina ya tashi. Wani ya ce in kore su, wanda ya tashi lafiyarsa ƙalau, korar ba ta cutar da su. Haka ne?

Amsa: Kwantar da hankalinka. Galibi abin da ka gani hutu ne. Idan ruwan teku ya cika ya rufe lakar da suke kiwo a kai, sukan taru a busasshen wuri su jira ya janye. Lokacin kallo mafi kyau ke nan: ka isa kamar awa 2 kafin cikar ruwa, ka zauna, ruwan da kansa zai turo maka su.

Amma maganar kora, wallahi na gaji da jinta. Kullum sai an maimaita mini ita, musamman masu neman hoton garke a sama. Ku dubi abin da ke gaban tsuntsun nan. Mai dogon bakin nan da Turawa ke kira godwit yana barin gaɓar tekun Banc d'Arguin a Muritaniya a ƙarshen Afrilu, ya nufi Tekun Wadden da ke gaɓar Holan, Jamus da Denmak, tafiyar fiye da kilomita 4,000, kafin ya wuce can arewa inda yake yin ƙwai. Makonni yake yi yana tara kitse, wasu irinsa har nauyinsu ya kusa ninkawa. Kitsen nan shi ne guzurinsa. Duk lokacin da ka tashe shi, ya yi shawagi ya dawo, ka ƙone masa wani abu daga ciki, kuma sai ruwa ya janye zai iya mayarwa. Kai ka kora, mai kare ya kora, mai babur ya kora, mai ƙaramin jirgi mara matuƙi ya zo ya ƙarasa. Wanda ya isa arewa a makare ko a rame, da wuya ya yi ƙwai ya ƙyanƙyashe a gajeren lokacin zafin can. Ba za ka ga gawarsa ba, shi ya sa ake cewa babu illa. To akwai, kuma haƙƙi ne a kanmu.

Kora ma ba gwajin lafiya ba ce. Marar lafiya yakan ware shi kaɗai, wuya a murɗe, yana layi ko karkarwa. Irin wannan kada ka taɓa shi, ko mushensa, domin murar tsuntsaye ta H5N1 ta kashe ɗaruruwan tsuntsayen ruwa a gandun tsuntsaye na Djoudj da ke Senegal a 2021. Ka sanar da jami'an kula da dabbobi.

Ka riƙe madubin hangen nesa, ka tsaya daga baya. Da zarar ka ga sun ɗaga kai sun fara takawa suna nisantarka, ka matso da yawa, ja da baya.