Ɗana bai yi kuka ba da aka haife shi, ko zai taɓu idan ya girma?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Na sha doguwar naƙuda kafin na haifi ɗana, kuma da ya faɗo bai yi kuka ba sai da ma'aikatan jinya suka yi ta fama da shi. Ya kwana biyu a kan iskar oksijin. Yanzu watansa takwas, yana zama, yana dariya. Amma surukata ta ce irin waɗannan yaran hankalinsu kan taɓu idan sun girma. Da gaske ne? Daga wata uwa a Anka, Jihar Zamfara.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya raya mana shi. Maganar Hajiya surukarki ba ta rasa tushe ba, sai dai ta yi mata yawa.

Da an haifi jariri a asibiti, akan duba abu biyar: bugun zuciya, numfashi, ƙarfin gaɓoɓi, yadda yake motsawa idan an taɓa shi, da launin fatarsa. Ana ba da maki daga 0 zuwa 10, a minti na ɗaya da kuma na biyar. Wata likita Ba'amurkiya, Virginia Apgar, ta ƙirƙiro wannan awo a 1952, domin ungozoma ta gane jaririn da ke buƙatar taimako nan take. Ba don duban makomar yaro aka yi shi ba. Maki 7 zuwa sama lafiya lau ne, kuma na minti biyar ya fi na farko muhimmanci, don jarirai da yawa kan faɗo a galabaice su farfaɗo cikin 'yan mintuna.

A ƙasashe irin su Denmak da Suwidin, inda ake ajiye bayanan kowane ɗan ƙasa tun daga haihuwa, an bi sawun yara har girmansu. An ga cewa waɗanda makinsu ya yi ƙasa, da bakwaini, wato wanda ya zo kafin mako 37, da wanda bai kai kilo biyu da rabi ba, sun ɗan fi sauran samun rashin natsuwa, jinkirin koyo, ko lalurar ƙwaƙwalwa daga baya. Ki riƙe kalmar nan "ɗan fi". Mafi yawansu sun girma garau. Taɓin hankali kuma ba abu ɗaya ke kawo shi ba, akwai gado, akwai wahalar rayuwa, akwai shaye-shaye.

Ni abin da nake fara dubawa ga yaron da iska ta yanke masa lokacin haihuwa shi ne farfaɗiya, sandarewar gaɓoɓi, ji da gani. Da kina gabana da na tambaye ki: ya yi jijjiga a makon farko? Ya kama nono da wuri? Shawara ta kama shi har idonsa ya yi ɗorawa? Yaron da ke zama da kansa a wata takwas, yana dariya da mutane, alamunsa masu daɗi ne.

Tunda daga Anka kike, ga abin da ya fi rashin kukan haihuwar nan damuna. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wasu da suka tsira kuma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Ɗanki yana dab da rarrafe, komai ya samu baki zai kai. Kada a daka ko a niƙa dutsen ma'adinai a cikin gida, kuma idan maigida yana zuwa wurin haƙa, ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya ɗauke shi.

Ki ci gaba da ba shi nono tare da abinci mai gina jiki, ki cika masa rigakafi, ya kwana cikin gidan sauro, ki riƙa yi masa hira da wasa. Idan ya kai wata 18 bai taka ba ko bai furta kalma ko ɗaya ba, ko ba ya waiwayowa idan an kira shi, ko ya yi jijjiga, ki kai shi wurin likitan yara a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau. Ki tafi da katinsa na haihuwa idan yana hannunki.