Ina so in sa kuɗi a ƙirar wuƙa, ta ina zan fara?

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya aiko da wannan tambaya: "Ina sayar da kayan kicin da wuƙaƙen waje a kasuwar Sabon Gari. Mahauta kan yi ƙorafi cewa wuƙaƙen ba sa riƙe kaifi, su tambaye ni ko ina da ƙirar hannu. Akwai wani maƙeri a unguwarmu, hannunsa na da kyau. Ina da naira miliyan 2, ina so in saya masa injin gurza ƙarfe da janareta, ya riƙa ƙera wa kowa irin wadda yake so, mu raba riba. Ya kake gani?"

Alhaji, kasuwar akwai ta, tunda masu saye ne suka tako da ƙafarsu suka faɗa maka abin da suke nema. Amma kada ka fara da inji. Inji saurin aiki kawai yake ƙarawa, in wuƙar ba ta da kyau sai dai ya taimake ka ka tara marasa kyau da yawa. Abin da mahauci zai biya ka kuɗi a kansa shi ne kaifin da zai kai shi azahar bai koma kan dutsen washi ba, shi kuwa wannan wajen zaɓen ƙarfe da ban ruwa, wato taurara ƙarfe ta hanyar ƙona shi a tsoma a mai ko ruwa, ake samunsa. Can nake so kuɗinka na farko su tafi.

Fara da ƙarfen. Rodi da falankin ƙarfen da masu walda ke yin ƙofa da shi ba sa shan ruwa yadda ake so, domin sinadarin kabon da ke cikinsu kaɗan ne. Ko za a kwana ana ƙona su ana tsomawa, kaifinsu lanƙwashewa zai yi. Maƙeranmu sun daɗe da gano sifirin mota, kuma sun yi gaskiya: akasarinsa na ɗauke da kabon wajen kashi 0.6 cikin 100, yana ɗaukar kaifi, yana kuma jure duka. Tsohon magagari da boris sun fi shi kabon, kusan kashi 1 cikin 100, sun fi riƙe kaifi amma sun fi saurin karyewa in aka yi sakaci. Matsalar tsohon sifirin ita ce ya sha hanya, wani yana da tsagar da ido ba ya gani sai an tsoma shi a mai ta bayyana. Don haka ku tsaya kan iri ɗaya daga wuri ɗaya, kuma duk sabon sifirin da ya shigo a yanki ɗan guntu a gwada kafin a ɓata masa gawayi. Farin ƙarfe marar tsatsa kuwa ku bar shi tukuna. Ban ruwansa na neman zafin da ya haura digiri 1,000 na ma'aunin Celsius a tsaye cak, abin da wutar zuga-zugi ba za ta ba ka ba.

Ban ruwa mataki uku ne, wasu masu ƙira na yin na tsakiya su tsallake na farko da na ƙarshe. Bayan an gama dukan wuƙa da masaba, a mayar da ita wuta ta yi ja, a fito da ita ta huce a iska, sau biyu ko uku. Wannan ke kwantar da ƙarfen bayan wahalar duka, ya rage lanƙwashewa. Sannan a gurje ta a fitar da siffa, amma a bar bakin da kaurin milimita ɗaya, domin bakin da aka sirantar da shi kafin ban ruwa tsagewa yake yi ko ya murɗe.

Sai tsomawa. A nan ido na yaudara, jan da ka gani da rana tsaka daban yake da wanda za ka gani a inuwa. Akwai ma'auni mai arha: maganaɗisun tsohuwar sifika. Ƙarfe na daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770. Da ya daina kamawa a ƙara masa wuta kaɗan, ya kai wajen 800 zuwa 830, sai a tsoma shi a miƙe cikin man girki mai ɗumi. Ruwa ya yi wa sifirin tsanani, shi ne za ka ji ƙas, aikin yini ya tafi. Baƙin mai ma da ake yawan amfani da shi ban so shi ba, hayaƙinsa cuta ne ga maƙerin, ga shi abinci za a yanka da wuƙar.

Wuƙar da ta fito daga mai ta yi tauri, in ka goga mata magagari zamewa zai yi ba zai ci ba, amma in ta faɗi a siminti tana iya rabewa biyu. Dole a sassauta ta da zafi kaɗan. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a sa ta a oben na gas mai ma'aunin zafi a wajen digiri 200, awa biyu, ta huce, a sake. Hanyar gargajiya ita ce a goge ta ta yi fari, a ɗora gadon bayanta kan ƙarfe mai zafi a zuba ido ga launi: in bakin ya yi launin busasshen kara a cire, in ya kai shuɗi ya yi laushi da yawa. Ka sa ido kuma wajen gurzar ƙarshe. Yaro mai gaggawa zai danna wuƙa kan giranda har bakin ya yi shuɗi, ya kashe duk ban ruwan da aka yi a cikin daƙiƙa biyar. Bokitin ruwa a gefe, a riƙa tsomawa.

Kafin ka ba da ko sisi, ka sa maƙerin nan ya ƙera maka guda goma iri ɗaya. Ka karya ɗaya da gangan ka dubi cikin ƙarfen: in ya yi lukui kamar gari ban ruwa ya yi, in ya yi tsakuwa-tsakuwa yana ƙyalli an ƙona shi. Sauran ka raba wa mahauta da masu tsire su yi mako biyu suna aiki da su, ka koma ka ji ta bakinsu. In tara suka fito kusan ɗaya, ka sami abokin sana'a. In uku sun yi kyau shida sai a hankali, to gyara ne a gabanku kafin kasuwa.

Batun "kowa irin wadda yake so" kuma, ka rage buri. Ka tsaya kan uku ko huɗu: ta yanka, ta fiɗa mai lanƙwasasshen ciki, doguwa siririya ta masu kilishi, sai mai nauyi ta sara. Kowacce a yanka samfurinta a kwano a rataye a bango, don ta bana ta yi daidai da ta baɗi. Zaɓin mai saye ya tsaya a ƙota da kube da rubuta suna. Ƙarfen ya ratsa ƙotar har ƙarshe, a ɗaure da ƙusoshin tagulla da gam mai haɗi biyu. Kirya da kanya da maɗaci duk suna yi, ƙaho ma haka, sharaɗin dai itacen ya bushe sosai, in ba haka ba hunturu na zuwa ƙota za ta saki. Kube aikin dukawa ne, kada maƙeri ya ɓata lokacinsa a kai. A birnin Sakai na Japan, wanda ya yi suna a wuƙar kicin, haka suke yi: mai ƙira daban, mai wasawa daban, mai sa ƙota daban, ɗan kasuwa ne ke haɗa su ya buga sunan shagonsa. Gurbinka ke nan.

Wajen sa farashi, inda mutane ke faɗuwa shi ne lissafin ƙarfe da gawayi kaɗai. Ka haɗa da ladan maƙeri na yini, takardar gurza, mai, fata, ɗinki, kuɗin mota. Sannan ka raba da adadin da suka tsira, ban da waɗanda suka fashe. In cikin goma biyu sun lalace, takwas ne za su ɗauki nauyin goman. Kada ka yi gasar araha da wuƙar waje, ba za ka iya ba, can inji ke buga dubbai a yini. Matar gida mai yanka albasa ta waje ta ishe ta. Naka mai sayen shi ne wanda wuƙa ce abincinsa. Ka kuma gaya masa gaskiya tun a shago cewa wannan ƙarfe yana tsatsa, a wanke, a goge, a shafa mai. Ka yi alkawarin wasawa kyauta na wani lokaci, zai dawo da ita, ya kuma zo da abokin sana'arsa.

Duk aikin da aka ba da oda a karɓi rabin kuɗi kafin a hura wuta, musamman mai suna a jiki, don ba wanda zai sayi wuƙa da sunan wani. Malaman fiƙihu na kiran irin wannan ciniki istisna'i, suna kuma sharɗanta a fayyace siffar kaya da farashi tun farko, saboda haka ka rubuta tsawo da irin ƙota da ranar karɓa a rasit. Tsakaninka da maƙerin ma a rubuta, da shaidu: wa ke da kayan aiki, wa ke ɗaukar asarar wadda ta fashe, zai iya yi wa wasu aiki da injinka ko a'a. Ni na fi son a fara da biyansa kan kowace wuƙar da ta ci gwaji, rabon riba ya biyo baya in kun san juna. Ku sami tambari ku riƙa bugawa a jikin ƙarfen, ka yi rajistar sunan a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC.

Ku kuma tsaya kan wuƙar aiki. A Kano kowa ya san yadda jami'an tsaro ke kallon ƙirar makamai saboda faɗan daba. Duk wanda ya zo neman mai baki biyu ko ta sokewa a ƙugu, a ba shi haƙuri, kuma ka ajiye littafin masu ba da oda.

Kuɗin naka ga yadda zan kasa su. Abin da bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba ya tafi kan ƙarfe, gawayin kirya, mai, oben da ma'aunin zafi, magagarai, tabarau da abin rufe hanci, da gwajin nan na farko. Kashi na biyu ka tara kaya da shi domin Babbar Sallah, lokacin da kowane gida ke neman wuƙar yanka da ta fiɗa, a fara ƙira wata uku kafin layya. Ragowar rabin ka riƙe. In layya ta wuce ka ga oda ta fi ƙarfin hannun maƙerin, kuma waɗanda ake dawo da su ba su taka kara sun karya ba, lokacin sai a sayi injin, a kuma ɗauki yaro guda a koya masa gurza.