"Ina Ƙaunarki Don Allah" Daga Bakin Abokin Aiki

Tambaya: Malam, ni matar aure ce, ina koyarwa a wata Islamiyya a Unguwar Rogo, Jos. Wani malami abokin aikina yakan turo min saƙo cewa yana ƙaunata don Allah. Da na nuna ban ji daɗi ba, sai ya ce ƙauna daban, so daban, kuma sanar da wanda kake ƙauna sunna ce. Nakan goge saƙon kafin maigida ya gani. Mene ne hukunci?

Amsa: Baiwar Allah, maganarki ta ƙarshe ce ta fi tsaya min a rai. Me ya sa kike gogewa? A hadisin Nawwas ɗan Sam'an da Muslim ya ruwaito, zunubi shi ne abin da ya sosa maka zuciya, ka ƙi mutane su gani. Zuciyarki ta riga ni ba ki amsa.

Sunnar tabbatacciya ce, Manzon Allah (SAW) da kansa ya gaya wa Mu'azu yana sonsa. Amma muhallinta inda babu fitina: namiji da ɗan'uwansa, mace da 'yar'uwarta, miji da mata, da muharramai.

Batun cewa "ƙauna" tsarkakakkiya ce, "so" kuma na sha'awa, na sha jinsa wajen matasa, kuma ba ya tsayuwa. Bahaushe yana cewa son Annabi, yana cewa son iyaye, ba wanda ya zarge shi. Saurayi kuma a wajen zance "ina ƙaunarki" yake faɗa, budurwa ta sunkuyar da kai don ta gane nufinsa. Ko da a ce ƙauna ta fi zurfi a harshenmu, ai hatsarinta ya ƙaru ke nan idan aka jefa wa matar wani. Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa manufa da ma'ana ake dubawa, ba lafazi ba. Liƙa "don Allah" a ƙarshen magana ba ya halatta ta. Idan sunna yake bi, malamai maza nawa ya tura wa wannan saƙo?

Don haka bai halatta ya tura ba, ke ma kada ki amsa da irinta. Ya kuma ji tsoron hadisin Abu Dawud: wanda ya ɓata tsakanin mace da mijinta ba ya cikinmu.

Ki gaya masa sau ɗaya, a taƙaice, ba sassauta murya, cewa ya daina. In ya sake, ki toshe lambarsa, ki kai maganar ga shugaban makaranta, kada ki baza ta cikin malamai. Gogewar nan kuma ki bar ta. Ran da maigida ya ci karo da saƙo ɗaya, waɗanda kika goge ne za su fi yi masa ciwo. In kin san mai haƙuri ne, gara ya ji daga bakinki. Wallahu a'alam.