Ƙarin albashin ma'aikatan ƙera mota zai sa sabuwar mota ta yi tsada?

Ɗan'uwa, ka ce kana Amurka, kana tunanin ko ka gaggauta sayen mota saboda ƙarin albashin da UAW, ƙungiyar ma'aikatan kamfanonin ƙera mota, ta samo wa ma'aikata.

Bayan yajin aikin da aka fara ranar 15 ga Satumba 2023, wanda ya ɗauki kusan mako shida, kamfanonin mota na Ford da GM da Stellantis sun amince da ƙarin kashi 25 cikin ɗari, a hankali, har zuwa Afrilun 2028. Ford ta ce hakan zai ƙara mata kimanin dala 900 a kan kowace mota. Kuɗi ne, amma a lokacin matsakaicin farashin sabuwar mota ya kai wajen dala 48,000. Kuma ba dole duka ya hau kan mai saye ba; idan motoci suka taru a wurin dillalai, kamfani kan yi rangwame.

Kada ka ɗauka komawa Toyota ko Honda zai tsame ka. Su ma sun ƙara albashi bayan yarjejeniyar.

Abin da ya fi damuna shi ne bashi. Mutane da yawa abin da za su biya duk wata kawai suke dubawa, sai a ja musu bashin shekara shida ko bakwai, kuɗin ruwan ya ninka wancan dala 900 sau da yawa. Ka tambayi jimillar farashi har da haraji, ka je bankinka su faɗa maka nasu ruwan kafin ka shiga wurin dillali. Takardar bashin kuwa, ka nuna wa mai ba da shawara kan harkar kuɗi kafin ka sa hannu.