Shiga rukunin sojan ruwa masu binciken jirage

Malam, ka tambaya ko iya harbi ya ishi ƙanenka shiga rukunin da ke hawa jiragen da ake zargi a Bahar Maliya. Wallahi bai isa ba. Tsanin igiya ne ke ka da mutane: kwalekwale na tangaɗi a ƙarƙashinka, ga bindiga, ga hular kwano, ga jikin jirgi da santsi. Wanda ya zame tsakanin jiragen biyu, sai dai Allah ya kiyaye. To ƙanenka ya dage da iyo da ƙarfin hannu tun yana nan Bur Sudan, birnin tashar jiragen ruwa na ƙasar Sudan.

Ana kuma neman masanin inji, da mai karanta takardun jirgi, da mai haƙurin da ba zai daka wa masunci tsawa ba. Kafin komai, likita ya duba masa zuciya da ido.